Ruth Handler: Uwar da ta tsaya kallon wasan 'yarta har ta samar da Barbie

 Tun da watan Yulin 2023 ya kama, duk inda mutum ya leƙa a waya ruwan hoda yake gani. Ƙawayena na makaranta sun canja hotunansu na WhatsApp, wasu sun liƙa fuskarsu a fastar fim, akwai ma wadda ta shiga Kantin Kwari takanas don neman mayafi ruwan hoda. Duk ɗokin nan na abu ɗaya ne. Ranar Juma'a, 21 ga Yuli, 2023 aka fara haska fim ɗin Barbie, wanda Greta Gerwig ta ba da umarni, Margot Robbie ta fito a Barbie, Ryan Gosling kuma ya fito a Ken. Abin dariyar shi ne, yawancin masu ɗokin ba su taɓa riƙe Barbie ta gaskiya a hannunsu ba. Kada ku ce da wasu nake, ni ma ina cikinsu.

Ni dai 'yar Falgore ce, ta ƙaramar hukumar Rogo, ba Falgoren daji ta wajen Doguwa ba, don na san sai an tambaya. 'Yar tsanata ta farko karan dawa ce. Da kaka, in an gama yankan dawa, sai mu bi gona mu tsinto kara mai kauri, mu yanka shi daidai tsawon tafin hannu. Yayata ce mai zana ido da gawayi, ni kuma aikina warware zaren buhu a yi gashi, a yarfa mata kitso. Zani da kallabi kuwa sai mun je mun yi wa tela ladabi ya bar mu mun tsinci ƙyallaye a ƙarƙashin kekensa. Kwalin ashana shi ne akwatin lefe, murfin kwalba faranti, gwangwanin tumatir tukunya. A haka za mu wuni a gindin rumbu sai an ƙwala mana kiran wanke-wanke.

Sai wata Sallah kawuna ya zo daga Kano da tsarabar 'yar bebin roba, siririya, fara tas, mai dogon gashi ruwan ɗorawa da shuɗin ido. Kwaikwayon Barbie ce irin ta kasuwa, wadda ƙafarta ke fita bayan kwana uku. Amma wallahi ranar da ita na kwana a hannu, kuma sati guda yaran unguwarmu suna min biyayya.

Abin da ya tuno min da wannan duka shi ne tallan farko na fim ɗin, wanda aka saki a Disambar 2022. An nuna yara mata a wani fili suna wasa da jariran roba, suna ba su madara, suna rarrashi. Can sai ga wata ƙatuwar Barbie a tsaye cikin kayan wanka masu ratsin baƙi da fari. Yaran suka saki baki suna kallo, daga nan suka hau farfasa jariran. Mutane sun sha dariya, alhali tarihi ne na gaske aka dunƙule a cikin minti ɗaya, tarihin wata mata da ta rasu a 2002. Sunanta Ruth Handler. Kafin mu ƙona data a kan fim, bari mu san ta.

Autar maƙeri

An haife ta ranar 4 ga Nuwamba, 1916 a birnin Denver na jihar Kolorado a Amurka, sunanta na gida Ruth Mosko. Iyayenta, Jacob da Ida, Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Folan suna neman inda za su rufa wa kansu asiri. Mahaifin maƙeri ne, ita kuma auta ce a cikin 'ya'ya goma. Tana da wata shida mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya, sai babbar yayarta Sarah ta ɗauke ta kafin a samu sauƙi. Daga haka abin ya zama riƙo, a hannun Sarah ta tashi har ta zama budurwa. Mu nan ba sai an yi mana bayanin wannan ba, kusan kowane gida akwai wanda yaya ko gwaggo ta riƙe.

Sarah da mijinta suna da kantin sayar da magani da kayan sha, kuma Sarah ce ke tsaye a kan harkar. Tun Ruth tana wajen shekara goma take shiga kantin bayan makaranta, tana karɓar kuɗi, tana ba da canji, tana sauraron abin da mai saye ke so. A nan ta fara ganin mace tana riƙe da kasuwanci, a lokacin da aka fi sanin matar Amurka da zaman gida.

A 1932, tana da shekara 16, ta haɗu da wani saurayi mai suna Elliot Handler a wurin wata rawa. Yaro ne mai son zane-zane, aljihunsa kuma ba nauyi, don haka gidansu ba su yi murna da shi ba. Tana da shekara 19 ta tafi birnin Los Angeles, ta samu aikin buga takardu a kamfanin shirya fina-finai na Paramount. Ku duba fa, matar da daga baya aka yi fim a kan 'yar tsanarta, a masana'antar fim ta fara cin albashi. Elliot ya bi ta can ya shiga makarantar koyon zane. A 1938 suka koma Denver aka ɗaura aure, suka sake dawowa Los Angeles da zama.

Shi ya ƙera, ita ta sayar

A shekarun nan ne aka fara samun wata sabuwar roba mai ƙarfi, garau kamar gilashi. Elliot ya fara ƙera ƙananan kayan ɗaki da ita don amfanin gidansu. Ruth ta duba ta ga ai wannan kuɗi ne. Sai ta zuba kayan a akwati ta riƙa bin manyan kantuna tana tallata su, har ta kai ga samo musu kwangila daga kamfanin ƙera jiragen sama na Douglas. Tun daga nan rabon aikinsu ya zauna: miji ya ƙera, mata ta nemo kasuwa, ta riƙe lissafi.

Sun haifi 'yarsu Barbara a 1941, sai ɗansu Kenneth a 1944. Ku riƙe sunayen nan biyu. A 1945 suka haɗa gwiwa da wani abokin aikin Elliot, Harold Matson, wanda ake kira Matt, suka buɗe kamfani a cikin gareji. Aka ɗauki Matt, aka ɗauki El na Elliot, aka haɗa ya ba da Mattel. Ita da ke yawon nemo masu saye, ko harafi ɗaya na sunanta bai shiga ba. Matson bai daɗe ba ya sayar musu da kasonsa saboda rashin lafiya, amma sunansa na nan har gobe.

Da firam ɗin hoto suka fara. Guntayen da suka rage kuma Elliot ya riƙa yin 'yan kujeru da gadaje na ɗakin 'yar tsana da su, sai ga shi guntayen sun fi firam ɗin kasuwa. Daga nan suka juya gaba ɗaya zuwa kayan wasan yara. A 1947 suka fitar da wata 'yar ƙaramar jita ta roba mai suna Uke-A-Doodle, ita ce kayansu na farko da ya karɓu sosai.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai karantar aikin jarida da talla, shi ne kasadar da Ruth ta yi a 1955. Kafin lokacin, masu kayan wasa sai Kirsimeti ta gabato suke talla, kuma iyaye da masu kantuna suke yi wa magana. Da kamfanin Disney zai fara shirin yara na Mickey Mouse Club a talabijin, sai Mattel ya amince ya biya dala 500,000 don ya riƙa talla a cikin shirin shekara guda cur. Kuɗin nan kusan daidai yake da darajar kamfanin gaba ɗaya a lokacin. Da abin bai yi ba, sun tashi a tutar babu. Amma ya yi. Wata bindigar wasa da suka tallata ta ƙare ƙarƙaf a kantuna kafin Kirsimetin shekarar. Daga ranar aka gane cewa in ka shawo kan yaro ta allo, shi zai shawo maka kan iyayensa. Duk wanda ƙaninsa ya taɓa yi masa kukan abin da ya gani a katun, to ya san inda abin ya samo asali.

Abin da ta gani a tsakar ɗaki

A farkon shekarun 1950, kusan duk 'yar tsanar da ake sayarwa a Amurka jaririya ce. Manya sun yanke cewa abin da yarinya ke so ke nan, ta yi goyo, ta ba da madara, ta koyi zama uwa. Ruth kuwa takan tsaya ta kalli Barbara da ƙawayenta suna wasa. Sai ta lura suna ture jariran gefe, su ɗauko 'yan tsanar takarda masu siffar manyan mata, su canja musu kaya, su mayar da wannan ɗalibar jami'a, waccan ma'aikaciya, su yi ta magana da bakinsu irin ta manya. Ta gane cewa yaran gwajin girma suke yi, suna auna irin matan da za su zama.

Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ai mu ma a gindin rumbu abin da muke yi ke nan. 'Yar karan nan tawa ba jaririya ba ce, amarya ce. Muna yi mata kamu, mu sa ta a lalle, mu kai ta ɗakin miji da guɗa, a kai gara ta tuwon ƙasa. Akwai uwargida, akwai kishiya, akwai mai sayar da ƙuli-ƙuli, akwai malamar asibiti mai allura da tsinken tsintsiya. Duk abin da muka ga manya na yi da safe, da yamma yana cikin wasanmu. Abin da Ruth ta gano a Kalifoniya, yaran Falgore sun daɗe da saninsa. Bambancin kawai, ita ta samu babbar da ta tsaya ta kalla, ta kuma ɗauki abin da muhimmanci.

Ta kawo shawarar a yi 'yar tsana mai jikin babbar mace, wadda za a riƙa ɗinka wa kaya na gaske. Mazan kamfanin, har da mijinta, suka ƙi. A ganinsu zai yi tsada, kuma babu uwar da za ta saya wa 'yarta 'yar tsana mai ƙirji. Maganar ta kwanta shekaru.

A 1956 iyalin suka je hutu Turai. A birnin Lucerne na ƙasar Suwizalan, Ruth ta hango wata 'yar tsana a tagar kanti, irin wadda take ta kwatantawa ba a gane ba. Sunanta Lilli, 'yar Jamus ce, an samo ta daga wani zanen barkwanci na jaridar Bild, kuma asalinta ba don yara aka yi ta ba, maza ne ke saye suna ba juna kyauta don raha. Ruth ta saya ta koma da ita gida. Injiniyan kamfanin, Jack Ryan, ya gyara siffar, aka kai aikin ƙerawa Japan inda ya fi sauƙin kuɗi, wata mai zanen tufafi, Charlotte Johnson, ta zauna can tana tsara 'yan kayan sawa har da zif da maɓalli. Ruth ta sa mata sunan 'yarta.

Ranar 9 ga Maris, 1959 aka fito da Barbie a bajekolin kayan wasa na birnin New York. Tsawonta bai kai santimita 30 ba, tana sanye da kayan wankan nan masu ratsin baƙi da fari da muka gani a tallan fim, farashinta dala 3. Manyan dilolin da suka zo, yawancinsu maza, suka taɓe baki, da yawa suka wuce ba su yi oda ba. Ruth ta koma ga makaminta, wato talabijin. Da yara mata suka gan ta a allo, kantuna suka kasa riƙe ta. A shekarar farko an sayar da sama da 300,000.

Dabarar kasuwancin kuma tana cikin kayan sawa, don daban ake sayar da su. Kamar mai sayar maka da tocila da araha ne, ya san za ka yi ta dawowa sayen batir. A 1961 aka yi wa Barbie saurayi, aka sa masa Ken, sunan ɗan Ruth. Barbara da Kenneth na gaskiya ba su ji daɗin wannan suna da ya bi su ba, kuma ba sai an faɗa muku dalili ba: ka yi tunanin duniya ta san sunanka da na yayarka a matsayin saurayi da budurwa. Masu Lilli ma ba su yi shiru ba, an shiga kotu, daga baya a 1964 Mattel ya sayi haƙƙin mallakar Lilli aka daina yin ta. Wato dai Ruth ba daga sama ta ƙago siffar ba. Nata shi ne ganin wa ya kamata a miƙa wa ita.

Yabo da suka

A 1962 aka yi wa Barbie gidanta na kanta, ba miji ba 'ya'ya, a zamanin da banki a Amurka kan iya hana mace bashi in ba namiji ya sa mata hannu. A 1965 ta fito a 'yar sama jannati, shekara huɗu kafin ɗan Adam ya taka wata. Ta yi nas, ta yi ma'aikaciyar jirgin sama, daga baya ta yi likita. Abin da Ruth ta tsaya a kai har ƙarshen rayuwarta shi ne, ta yi Barbie ne don yarinya ta ga tana da zaɓi.

Sai dai ba a nan zancen ya tsaya ba. An daɗe ana sukar ƙirar jikinta, ƙugu kamar zai tsinke, ƙirar da ba macen da ke da ita. A 1965 ɗin nan dai an sayar da wata Barbie tare da ɗan sikelin awo da aka tsayar a kan kusan kilo 50, da ɗan littafin rage ƙiba da shawararsa ita ce a daina cin abinci. Ga kuma batun launi. Sai a 1968 aka yi mata baƙar ƙawa mai suna Christie, ita kanta Barbie baƙar fata kuwa sai 1980.

Wannan sukar na yarda da ita, don na gani a gidanmu. Ranar da 'yar bebin robar nan ta iso, ba wanda ya ce mana komai, amma nan take muka naɗa ta amarya ta dindindin. 'Yan karan da muka sha wahalar yi wa kitso suka koma masu yi mata wanke-wanke. Muna yara, ba mu san me muke koya wa kanmu ba. Yanzu in na ga sa'o'ina suna zuba kuɗinsu a man bilicin, nakan tuna gindin rumbun nan. Ban ce 'yar tsana ce ta jawo ba, abin ya fi haka zurfi, amma ta sa hannu.

Faɗuwa

A 1967 Ruth ta zama shugabar kamfanin Mattel, wanda a lokacin ya zama gagarabadau a harkar kayan wasa a duniya. Mace a irin wannan kujera a shekarun nan abu ne da ake nunawa da yatsa. Sai 1970 ta zo mata da jarrabawa. Likitoci suka gano tana da sankarar mama, aka yi mata tiyata aka cire mama ɗaya.

A daidai lokacin kamfanin ma ya shiga ruwa. Gobara ta cinye masana'antarsu da ke Meziko, yajin aikin ma'aikatan tashar jiragen ruwa ya tare musu kaya, ciniki ya ja baya. Maimakon a faɗa wa masu hannun jari gaskiya, sai aka riƙa gyara alƙaluma ana nuna ribar da babu ita. Da asiri ya tonu, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta shiga bincike. A 1975 Ruth da Elliot suka bar kamfanin da suka fara a gareji shekara 30 baya. A 1978 aka gurfanar da ita bisa tuhumar zamba da ba da rahoton ƙarya. Ba ta amsa laifi ba, ba ta kuma yi jayayya da tuhumar ba, kotu ta ci ta tarar dala 57,000 tare da aikin yi wa al'umma hidima na awa 2,500.

Ita dai ta danganta abin da ciwon da ya ɗauke mata hankali daga harkar kamfani. Ciwo gaskiya ne, ba mai musu. Amma akwai mutanen da suka zuba kuɗinsu saboda sun yarda da takardun kamfanin da take shugabanta, suka yi asara. Mu matasa masu son kafa sana'a, wannan ɓangaren ne ba a cika sa mana a hotunan ƙarfafa gwiwa ba. Basirar da ta gina kamfani ba ta hana ƙaryar lissafi ta raba ta da shi ba.

Tashi na biyu

A nan ne labarin ya fi taɓa ni. Mace ta kusa shekara 60, an raba ta da kamfaninta, sunanta ya ɓaci a jaridu, ga tabon tiyata. Wata da sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Tun bayan tiyatar take neman maman roba da za ta riƙa sawa a cikin riga, ba ta samu mai daɗin sawa ba. Waɗanda ke kasuwa ba su bambanta dama da hagu ba, ba sa zama daidai, kuma saye ma kansa abin kunya ne, masu kanti na miƙo shi kamar kayan sata. Ta gane matsalar irin ta farko ce: maza ne ke ƙera abin da mata za su yi amfani da shi, ba tare da sun tsaya sun tambaye su ba.

Sai ta nemi wani gwanin haɗa gaɓoɓin roba, Peyton Massey, suka kafa sabon kamfani, a 1976 suka fara sayar da abin da ta kira Nearly Me. An yi na dama daban, na hagu daban, kuma da lambar rigar mama ake auna shi yadda mace za ta zaɓa kamar kowane kayan sawa. Ta ɗauki mata aiki, da yawansu waɗanda aka yi wa irin tiyatar ne, suna bin manyan kantuna gari-gari suna gwada wa mata, suna koya wa masu sayarwa yadda ake karɓar mai irin wannan lalura da mutunci. Ita da kanta ta riƙa shiga talabijin tana maganar ciwonta a fili, a zamanin da ake ɓoye shi. Cikin waɗanda ta gwada wa har da Betty Ford, matar tsohon shugaban Amurka Gerald Ford, wadda aka yi wa tiyatar a 1974. Ta riƙe wannan kamfani wajen shekara 15 kafin ta sayar da shi ga Kimberly-Clark a 1991.

'Yan'uwana mata, a nan zan ɗan tsaya. Mun san yadda abin yake a garuruwanmu. Mace za ta ji ƙullutu a mamanta ta yi shiru saboda kunya, ko tsoron kada a ce za a yanke, ko kada miji ya juya baya. A yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai abu ya ci ƙarfi a ɗauke ta zuwa Kano ko Zariya. Ina ƙarama muka rasa wata maƙwabciyarmu a haka, mai yi mana kitson Sallah, sai bayan rasuwarta na ji manya na raɗa sunan ciwon. Ruth an yi mata tiyata a 1970, ta ƙara shekara 32 a duniya, ta kafa kamfani, ta ga jikoki. In kin ji wani abu da ba ki saba ji ba, ki je asibiti da wuri, ki kuma ja mahaifiyarki ku je.

Ƙarshenta

A 1994 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta mai suna Dream Doll. A shekarar ce kuma ɗanta Kenneth ya rasu yana da shekara 50. Ita kuma ta rasu ranar 27 ga Afrilu, 2002 a Los Angeles, bayan tiyatar sankarar hanji, tana da shekara 85. Lokacin ni ina goye a bayan mahaifiyata a Falgore. Elliot, wanda suka yi shekara sama da 60 tare, ya bi ta a 2011.

Abin da ta yi bai tsaya a Amurka ba, kuma gyaran kuskurenta ma wasu namu sun sa hannu. A Legas, Taofick Okoya ya shiga kanti neman baƙar 'yar tsana don wata yarinya a danginsu bai samu ba, sai a 2007 ya fara yin nasa masu suna Queens of Africa, cikinsu har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. A farkon 2016 Haneefah Adam, 'yar Ilorin, ta yi suna a duniya da shafinta na Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna. A 2017 shi kansa Mattel ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, a siffar Ibtihaj Muhammad, Ba'amurkiya Musulma 'yar wasan takobi. Kowannensu da kallo ya fara, ya ga yarinya na neman kanta a cikin abin wasanta ba ta samu ba.

Fim dai zan kalla in Allah ya kai mu, kuma ban san ko zai burge ni ba, ko zai zo da abin da bai dace da tarbiyyarmu ba. Wannan sai mun gani, kuma masu ƙanne a duba kafin a miƙa musu waya. Abin da na ƙudura shi ne, in na je gida hutu zan zauna kusa da 'yar yayata, mai shekara shida, in yi shiru in ji me 'yan tsanarta ke cewa, wa take naɗawa amarya, wa take ba wanke-wanke, ko akwai likita a cikinsu. Yanzu damina ce, dawa ko kai ba ta fitar ba. Amma na riga na yi mata alƙawari, da kaka ni da ita za mu shiga gona neman kara mai kauri.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.